Shekarar da Na Sayar da Jirgin Baba

Na sha jin ku, ku 'ya'yana da jikokina, idan baƙo ya tambayi dogon ƙarfen nan da ke tsakar gidanmu, sai ku kwashe da dariya ku ce, "Ai Inna ce ta sayar da jirgin babanta ta sayi sabis." Baƙon ya juyo ya dube ni kamar wadda ta sayar da gona ta sayi alewa. To, tunda har yanzu hannuna yana iya riƙe biro, albarkacin ajin yaƙi da jahilci, bari in faɗa muku yadda aka yi, don kada in kau ku ci gaba da ba mutane rabin labari.

Ni dai 'yar masunta ce gaba da baya. A ƙauyenmu na bakin kogi, gabas da Haɗeja idan ka kama hanyar Guri, na buɗi ido na ga hayaƙin banda, kuma a cikinsa na tsufa. Maza su kamo tarwaɗa da karfasa da bargi, mu mata mu gyara, mu lanƙwasa, mu jera a kan raga, mu yi ta juyi har kifi ya yi ja ya ɗauki ƙamshi. Ranar kasuwa dillalai su zo da motarsu, su ɗaga kifi su shinshina, su yamutsa fuska kamar an ba su maɗaci, su faɗi kuɗin da suka ga dama. In kin ƙi, kifi ba ya jira, ƙwari za su shige shi. Kura da shan bugu ke nan, gardi da kwashe kuɗi. Da Baba ya rasu aka raba gado, gona da komaye suka faɗa hannun yayana, Yaya Garba, ni kuma jirgi ya faɗo mini, wani dogon kwale-kwale da Baba ya sa aka haɗa masa tun muna ƙanana. Mace ba ta tuƙa jirgi a garinmu, don haka ya ci gaba da zama a wurin Yaya, yana su da shi yana aiko mini da rabona na kifi. Shekara da shekaru haka muke, har mutane suka manta jirgin nawa ne. Ina jin shi ma Yayan ya manta.

Abin ya faro ne daga Binta, 'yata ta uku, lokacin da ta gama karatun koyarwa ta dawo gida tana jiran aiki. Wata rana ina bakin murhu, idona na hawaye don hayaƙi, sai ta miƙo wayarta saitin fuskata.

"Inna, ɗaga kifin nan ki juya shi, wata Hajiya za ta gani."

"Wace Hajiya? Tana ina?"

"Tana Abuja."

Na ce, "Ke Binta, ba na son shashanci da rana tsaka."

Kafin in rufe baki sai ga fuskar mace a cikin wayar, da ɗaurin ɗankwalinta da komai, tana yi mini sallama. Saura kaɗan in saki tarwaɗar cikin wuta! Sunanta Hajiya Asabe, tana da gidan abinci, Binta ta same ta ne ta hanyar wata ƙawarta. Ta ce in karya guda ta ga cikinsa. Na karya, ga tsoka fara tas, ga tururi yana tashi. Da ta faɗi abin da za ta biya a kan kwali ɗaya, sai da na lalubi turmi na zauna. Ran nan ban iya cin tuwo ba don murna. Na yi ta zagaye tsakar gida ina cewa, "Malam, ka ji? Daga Abuja aka ga kifina! Ina tsaye a nan, ko mayafi ban yafa ba!" Maigidana, babanku Malam Idi, mutum ne mai sanyi, ya ce ya ji, ya kuma ce in zauna kada in taka masa buta.

Kafin damina ta zagayo na mallaki tawa wayar. Hajiya Asabe ta haɗa ni da wasu mata a Kaduna da Legas, ni kuma na jawo matan unguwarmu, da aminiyata Ya Fanna a kan gaba. Mu nuna kifi a bidiyo, a yi ciniki ido da ido, a kai kwalaye tashar Haɗeja, kuɗi ya shigo waya. Dillalai suka zo suka tarar da raga wayam. Wallahi har yau idan na tuna fuskokinsu sai na ji daɗi ya kama ni.

Sai dai fa duk wannan alheri ta ƙofa ɗaya yake shigowa. Ƙarfen sabis guda ne a duk yankinmu, can bayan firamare, na wani babban kamfani. Sauran kamfanonin suna cikin garin Haɗeja, amma da zarar ka gangaro fadama sai su ɗauke ɗif. Muka sa wa namu suna Tilo, don halinsa irin na ɗa tilo ne da ya san ba shi da ƙane. Da farko ya lallaɓa mu, data da arha, har da gyara. Da ya ga mun saba, mun kori dillalai, ba mu da hanyar komawa, sai ya fara murɗa mana kunne. Datar da a da take kai ni ƙarshen wata ta koma zurarewa kamar ruwa a kwando. Kiran bidiyo kuwa shi ya fi cin ta, kuma ba wanda zai sayi kifin da bai gani ba. Yau a ƙara kuɗi, gobe a rage abin da ake ba ka, jibi kina tsakiyar ciniki fuskar mai saye ta daskare, bakinta a buɗe. Na shirya na tafi shagonsu a Haɗeja, na samu wakilinsu, wani matashi mai ƙamshin turare, na ce masa a rage mini tunda ni mai saye ce ta kullum. Ya yi murmushi ya ce, "Mama, ai daga sama ne." Na ce to a kira mini na saman. Ya ce ba a ganinsa.

Na dawo gida ina huci. Ni da aka haifa a kasuwa, a ce akwai kayan da ba a tayawa? Tun ina yarinya Baba ya koya mini cewa idan mai kaya ya kafe, ka yi masa sallama ka juya, kada ka waiwaya. Kafin ka yi nisa za ka ji ya ce, "Zo mana, nawa ka saya?" Da wannan dabarar na sayi atamfar aurena, da ita na sayi kowace tukunya da ke ɗakina, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na tara mata a zauren Ya Fanna na zayyana musu. Wuri ya kaure da shewa. Ya Fanna ta ɗauko wata langa, kowa ta cire layinta ta jefa, aka rufe, aka ɗora a kan sif. Muka yi alkawari ba mai taɓawa sai Tilo ya aiko an ba mu haƙuri. Har shawara muka yi a kan abin da za mu dafa wa 'yan aiken, don kada a ce matan bakin kogi ba su san baƙo ba. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai mu leƙa ta katanga, Ya Fanna tana gyara ɗauri tana cewa, "Su ne, Dije, ki ɗaure fuska!" Sai mu ga mai sayen albasa ne.

Tilo kuwa ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Kifi ya taru, dillalai suka ji labari suka dawo da tsohuwar fuskarsu, har da ƙari. Hajiya Asabe ta aiko direban mota ya tambaya ko lafiya, ta ce azumi ya matso, in ba za ta same ni ba dole ta nemi wani a Gashuwa. Wannan saƙo ya tsaya mini a rai. In na rasa ta na rasa sauran, mu koma gidan jiya ni da duk matan da suka bi bayana. Da yamma ina zaune na yi tagumi, Malam yana gyaran fatanya, ya ce ba tare da ya ɗago ba:

"Dije, mai kaya yana kiran mai saye ne idan ya ga akwai wata rumfa a gaba. Ke da kika juya masa baya, ina kika nufa?"

Washegari muka sauke langa, kowa ta laluɓi layinta ba mai kallon wata. Ina mayar da nawa sai ga saƙo daga Tilo. Na ce ga ban haƙurin ya zo. Binta ta karanta mini. Barka da Juma'a yake yi mana, a ƙasa kuma ga sabon farashi, ya fi wanda muka bari.

Maganar Malam ta ƙi barina. Wata rumfa a gaba. Ina zan samo wata rumfa a cikin wannan fadama da ba abin da ke tsiro da sauri sai kacala, ciyawar nan mai toshe ruwa? Ashe Allah ya ajiye ta a kan rufin ɗakina. Lokacin shanyar tattasai ne, Binta ta hau soro da buhu, wayarta a ƙugu, kuma a cikin wayar akwai wani tsohon layi na wani ƙaramin kamfani da take amfani da shi a makaranta, wanda tun da ta dawo bai taɓa motsi ba. Sai kawai na ji ihu daga sama.

"Inna! Inna! Ya kawo!"

Na ɗauka kunama ce. Na fito da gudu da muciya a hannu.

"Me ya kawo?"

"Ɗaya layin! Ga saƙonni suna ta shigowa!"

Ku da kuka san ni da ciwon gwiwa, ku sani ran nan na hau tsani, kuma ban san lokacin da na hau ba. Na tarar da ita tsaye a kan yatsun ƙafa, ta ɗaga waya sama iya tsawon hannunta, tana fuskantar yamma. In ta sauke hannu ya ɗauke, in ta ɗaga ya dawo, ɗan siriri kamar zare. Na rangaɗa guɗa a kan soro har maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya haihu. Ya Fanna ta iso ba takalmi. Muka ɗaura wayar a kan gora muka ɗaga, sabis ya ƙaru. Muka haɗa gora biyu, ya ƙara ƙaruwa, har gorar ta lanƙwasa wayar ta kusa faɗawa cikin tattasai. Malam yana ƙasa yana salati, yana cewa mu sauko kafin rufi ya rufta da mu.

Muka je Haɗeja wurin wani mai haɗa irin waɗannan kaya. Ya zo ya hau ya auna, ya ce sabis ɗin daga wani ƙarfe yake zuwa ta wajen hanyar Kaugama, kuma in ana so ya zauna sai an kafa dogon ƙarfe, a ɗora masa eriya, a jawo waya zuwa wani ɗan akwati da zai raba wa duk gidan har da maƙwabta, a haɗa da sola saboda rashin wuta. Da ya faɗi abin da za a kashe, murnata ta koma ciki. Yajin da muka yi ya cinye jarina, sauran matan ma haka. Malam ba shi da abin sayarwa sai gonar da muke ci. Na duba gabas na duba yamma, abu ɗaya na mallaka a duniya da zai iya ɗaukar wannan nauyi, kuma yana ɗaure a bakin kogi.

Na samu Yaya Garba a gindin tsamiya yana ɗinkin koma. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa. Bai daina ɗinki ba.

"Wane jirgin?"

"Na Baba, Yaya. Rabona."

"Rabonki." Ya ja zare ya ƙulla. "Na taɓa hana ki kifinki?"

"Ba ka taɓa ba. In kana so kai ka saya, ko a hankali ne..."

"Da me? Kin ga abin da kacala ta bar mana a ruwan nan." Sai a lokacin ya ɗago. "A cikin jirgin nan Baba ya koya mini riƙe gorar tuƙi. A cikinsa aka ƙetare da gawarsa shekarar da ruwa ya ci hanya. Shi za ki sayar ki sayi iska, Dije?"

Na ce, "Yaya, iskar nan ita ta kore mana dillalai."

Ya ce, "Naki ne. Shari'a ta ba ki." Ya mayar da kansa kan koma.

Na yi kuka a hanyar komawa, ba zan ɓoye muku ba. Na kai sati ina juya abin a raina. Malam bai ce sayar ba, bai ce bari ba, ya dai ce in yi istihara. Daga ƙarshe wani masunci daga Guri ya zo ya duba katako, ya ƙwanƙwasa, ya biya, ya tuƙa jirgin ya bi ruwa da shi. Ban je bakin kogi ba ran nan. An ce Yaya da kansa ya kwance igiyar ya miƙa masa.

Ranar kafa ƙarfe kuwa gari ya tashi kamar ana biki. Bulama, mai garinmu, ya sa aka yi shelar gayya, maza suka zo da igiyoyi, mu mata muka dafa shinkafa da miyar kifi a manyan tukwane. An riga an haƙa rami an zuba siminti tun kwanaki kafin nan, ran nan sai ɗagawa. Ana ja ana kabbara, ƙarfe yana miƙewa a hankali yana rawa, zuciyata tana rawa tare da shi, har ya tsaya cak ya zarce dogon giginyar gidan Bulama. Mai haɗawa ya hau ya juya eriya yamma, Binta tana ƙasa da waya tana cewa, "Ƙara kaɗan, koma baya, tsaya nan!" Sai ɗan akwatin ya kunna koriyar wuta. Na ce a kira mini Abuja. Fuskar Hajiya Asabe ta fito tar, har ina ganin kwallin idonta, ba daskarewa ba yankewa.

"Mama, ina kika shiga? Na kusa fid da rai!"

Na ce, "Hajiya, rumfa na je ginawa. Kwali nawa kike so?"

Mata suka ɗauki guɗa, Ya Fanna ta cire ɗankwali tana juyi, har Malam sai da na kama shi yana dariya. Na dudduba cikin maza ko zan ga Yaya, ban gan shi ba.

Azumin shekarar nan ba mu huta ba. Tsakar gidana ta zama kasuwa, kowace mace da tirenta da wayarta, wannan tana magana da Kaduna, waccan da Legas, kowa ta kawo ɗan abin da ya sawwaƙa a haɗa a biya na wata, kuma bai kai rabin abin da Tilo yake tatsa a wurinmu ba. Labari ya bazu, wasu ƙauyuka biyu suka kafa nasu. Bayan sallah da 'yan makonni, ina tsakiyar juya kifi, aka ce ana sallama da ni. Na leƙa, sai ga matashin nan mai ƙamshin turare, ya sha rana, takalminsa duk laka. Ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, mun ga kin daina amfani da layinmu. Akwai wani sabon tsari mai rahusa da muka fito da shi musamman don 'yan kasuwa irinku. Ki dawo mana."

Jama'a! Kiran da na jira har na fid da rai, ga shi ya biyo ni har ƙofar gida. Na ce a shimfiɗa masa tabarma, na aika a kira Ya Fanna ta zo ta ga 'yan aiken da muka daɗe muna yi wa tanadi. Na ce masa, "Ɗana, ashe na saman yana saukowa?" Ya sunkuyar da kai yana dariya. Muka cika masa kwano da shinkafa da kan tarwaɗa, ya ci ya yi gumi, sannan na zauna na taya kayansa yadda ake taya atamfa, shi da kansa yana kiran ofis yana tambaya. Na karɓi tsarin nasa, kuma ban saki na ƙarfena ba. Binta ta ce me zan yi da biyu. Na ce don kada shi ma na biyun ya wayi gari ya ɗauka shi tilo ne.

Wannan shi ne daɗin. Ga kuma abin da na biya. Yaya Garba, da furfurarsa, ya koma shiga jirgin wasu ana ba shi kaso kamar sabon shiga. Ya daina shigowa gidana. In mun haɗu a wurin suna ko jana'iza ya amsa gaisuwa a taƙaice ya wuce. Da hannuna ya yi ƙarfi na aika Guri a sayo jirgin ko nawa ne, mutumin ya ce ya riga ya sayar wa wasu da suka yi gabas da shi. Na ce to a haɗa wa Yaya sabo, ya aiko cewa jirgin kasuwa ba ya zama na Baba. Ban yi nadamar abin da na yi ba, in da za a sake, zan sake. Amma duk sanda na ji ƙarar gora a ruwa da asuba sai jirgin Baba ya faɗo mini a rai, kuma har yau bai daina ba.

Sai da damina biyu ta wuce. Wata la'asar ina tankaɗe, na ji sallamar da ko cikin barci na san mai ita. Ya shigo da tarwaɗa biyu manya a igiya, ya ajiye a bakin murhu. Na rasa inda zan sa kaina, na jawo tabarma, na kawo ruwa. Bai zauna ba. Ya wuce gindin ƙarfen, ya dafa shi da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa kamar yadda ake ƙwanƙwasa katako. Ya ɗaga kai yana bin sa da kallo har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Wannan ne jirgin Baba?"

Na ce, "Shi ne, Yaya."

Ya sauke kai ya dube ni.

"Yana kamu kuwa?"

"Yana kamu. Gida sama da goma yake ciyarwa."

Ya gyaɗa kai, ya gyara hula, ya zo ya zauna a kan tabarmar. Ya ce, "To, a riƙa shafa masa fenti kafin damina. Baba ba ya son a bar masa jirgi ya lalace."